Tambayoyin Masu Karatu: Bashin Mallakar Gida ga Mai Tabo a Banki da Ɗan Kuɗi Kaɗan a Hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar gwamnati ne a birnin Yamai, shekaruna 44, albashina jika 240 na sefa a wata, kuma ina biyan hayar gida jika 60 a unguwar Talladje. A shekarar 2022 na karɓi bashi a wata ƙaramar cibiyar lamuni domin in ƙara wa uwargidana jari a sana'ar atamfa da take sarowa daga Kwatano. Da aka rufe iyaka a 2023 kayan suka maƙale, na yi wata biyar ban biya ba, daga baya muka daidaita a kan jika 35 kowane wata, yanzu saura wata 14 in gama. Na tara miliyan ɗaya da rabi, ina kuma da fili a bayan gari wanda takardarsa acte de cession ce. Na ga wani gida na miliyan 15 da nake so in saya. Banki ɗaya ya ce mini sunana yana da tabo, wani kuma ya ce sai na kawo kashi 20 cikin 100 na kuɗin gidan. Akwai wanda ya ce idan na ba shi jika 200 zai goge sunana daga kwamfuta. Ku ba ni shawara, Allah ya saka da alheri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da mai neman jika 200, domin maganarsa ita ce mafi saurin yankewa: kada ka ba shi ko dala. Tabon da banki ya gani ba ya zaune a kwamfutar wani ma'aikaci guda da zai iya share shi da yatsa. Tun shekarar 2016 ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO suke da ofishin tattara bayanan bashi da ake kira BIC, wanda kamfanin Creditinfo yake gudanarwa, kuma bankuna da manya daga cikin ƙananan cibiyoyin lamuni suna aika masa labarin kowane bashi a kai a kai, da wanda aka biya a kan lokaci da wanda aka yi jinkiri. Cibiyar da ta ba ka bashin ita ce ta aika da labarin watanni biyar ɗin nan, kuma ita kaɗai ce za ta iya aika gyara. Ko da wani ya yi dabarar taɓa wani abu, rahoton da cibiyar za ta sake aikawa zai mayar da shi yadda yake, kai kuwa ka yi asarar kuɗinka, ka kuma sa kanka cikin laifin da ya fi jinkirin biya muni.

Abin da doka ta ba ka kyauta ya fi abin da mutumin nan yake so ya sayar maka. Kana da haƙƙin neman rahoton bashinka ka karanta shi da idonka, kuma sau ɗaya a shekara ba a karɓar kuɗi a kansa. Ka neme shi kafin ka sake taka ƙofar kowane banki, ka duba ko adadin da aka rubuta daidai ne, ko yarjejeniyar jika 35 da kuka yi ta fito a ciki, ko kuwa har yanzu ana nuna bashin a matsayin wanda aka daina biya ɗungurungum. Irin wannan kuskure yana faruwa, kuma idan ka same shi kana da damar shigar da ƙorafi a rubuce domin a gyara. Labarin jinkirin da ya faru da gaske kuwa ba ya goguwa nan take, amma ba ya dawwama, domin ana bibiyar tarihin shekara biyar ne na baya, kuma ma'aikacin banki mai hankali ya san bambancin mutumin da ya tsere da bashi da wanda ya yi tuntuɓe a shekarar da aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, daga ƙarshen watan Yuli na 2023 zuwa Fabrairun 2024, sannan ya dawo da ƙafarsa ya ci gaba da biya. Ranar da ka biya kashi na ƙarshe, ka karɓi takardar shaidar kammala biya mai hatimin cibiyar, ka adana ta tare da duk rasiɗan watannin da suka gabata.

To amma, Malam, a ganina tabon nan ba shi ne babbar matsalarka ba, ko da yake shi ne ya fi yi maka ciwo. Babbar matsalar ita ce gidan miliyan 15 ya fi ƙarfin albashinka, kuma ko da sunanka fes yake da wuya a sami bankin da zai amince. Bankunanmu galibi ba sa son abin da ake cirewa na bashi ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi, wato jika 80 a wurinka. Mu ɗauki misalin ruwa na kashi 9 cikin 100 a shekara, misali ne kawai domin kowane banki da nasa farashin. A kan wannan ruwa, bashin miliyan 10 na tsawon shekara 15 yana cin kimanin jika 101 kowane wata, kuma kafin a gama mutum ya biya fiye da miliyan 18. Kai kuwa, idan ka zuba miliyan ɗaya da rabi naka, sai ka ranci miliyan 13 da rabi, wanda biyansa zai kai kusan jika 137 a wata, wato fiye da rabin albashinka, ga kuma jika 35 na tsohon bashi a kai. Muddin kana biyan wancan tsohon bashin, sararin da ya rage maka jika 45 ne, kuma jika 45 ba ta ɗaukar bashin da ya wuce kimanin miliyan 4 da jika 400. Idan ka gama shi jika 80 ɗinka ta dawo cikakkiya, za ta iya ɗaukar abin da ya kusa miliyan 8 a shekara 15, ko kimanin miliyan 7 idan aka rage wa'adin zuwa shekara 12. Na kawo shekara 12 ne saboda banki ba ya son wa'adin bashi ya haye ranar ritaya, kuma jiran wata 14 da zan shawarce ka da shi zai ɗan ci daga shekarun aikin da suka rage maka. Jiran yana da tsadarsa, amma ya fi ƙin amincewa na uku sauƙi.

Game da kashi 20 cikin 100 da aka nema, wato miliyan 3, akwai dalili biyu. Na farko, idan ta kai ga sayar da gida a gwanjo saboda gazawar biya, kuɗin da ake samu ba kasafai yake kai ainihin darajar gidan ba, don haka banki yana so ya bar wa kansa tazara. Na biyu, mutumin da ya iya tara miliyan 3 ya nuna cewa yana iya hana kansa wani abu kowane wata. Sai dai ka sani cewa miliyan ɗaya da rabin da ke hannunka ba duka ne zai shiga kafin alƙalamin gida ba. Akwai kuɗin buɗe dosiye, da ladan wanda zai ƙiyasta darajar gidan, da na notaire, wato jami'in shari'a mai rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, da na rajistar jingina a ofishin filaye, da inshorar rai da ake wajabta wa mai karɓar bashi domin kada iyalinsa su gaji bashin idan ta Allah ta kasance. Mutane da yawa sai a makon sa hannu suke jin labarin waɗannan kuɗaɗe, sai su ruga su ranto su a wani wuri da tsada, su fara zaman sabon gida da bashi biyu. Wannan ne ya sa nake gargaɗinka da kada ka cike giɓin miliyan 3 ɗin da wani bashin na ƙaramar cibiya: zai fito a rahoton BIC, zai rage sararin albashinka, kuma ruwansa ya fi na banki nesa ba kusa ba. Iyakar da aka gindaya a yankin a shekarar 2014 ita ce kashi 15 cikin 100 ga bankuna da kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin lamuni, kuma wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna maka cewa kuɗinsu na jarin kasuwanci ne mai saurin juyawa, bai dace da gini ba.

Yanzu sai mu zo kan filinka, wanda ka ambata a taƙaice alhali shi ne mafi daraja a cikin abin da ka mallaka. Banki yana iya lissafa filin da mutum ya riga ya mallaka a matsayin nasa kason, idan bashin na gini ne a kansa, kuma wannan ita ce hanyar da mai ɗan kuɗi kaɗan a hannu yake iya tsallake maganar kafin alƙalami. Amma takardarka tana da rauni a idon banki. Acte de cession shaida ce cewa an ba ka filin, ba ta kai titre foncier ba, wato takardar mallaka mai rajista, kuma dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, kan jingina, wadda aka sabunta a 2010 kuma Nijar take aiki da ita, ta ce kadarar da aka yi wa rajista ita ce ake iya jinginarwa. Wasu bankuna suna karɓar acte de cession su riƙe tare da alkawarin jingina, amma a kan ƙaramin bashi mai gajeren wa'adi, kuma mai tabo a sunansa bai kamata ya dogara da wannan sassaucin ba. Shawarata ita ce ka ɗebi wani abu daga ajiyarka ka nemi titre foncier a ofishin kula da filaye na hukumar haraji, inda aka daɗe da samar da hanya mai sauƙi da ake kira Sheda domin irin wannan buƙata. Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar a ma'aikatar magajin gari cewa lambar filin tana cikin rabon da hukuma ta amince da shi, kuma ba a sayar wa wani shi ba, domin kowa a Yamai ya san yadda rigimar fili ɗaya mai takarda biyu take cika kotuna, balle filayen da suka shiga yankin shingen itatuwa na ceinture verte. Ka kuma je ka tsaya a kansa da damina. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa unguwannin Saga da Kirkissoye da Lamorde a 2020, da ɓarnar daminar 2024, ya san cewa mai ƙiyasin banki zai duba inda ruwa yake kwanciya kafin ya duba komai.

Idan filin ya tsira daga waɗannan, ga yadda nake ganin al'amarinka zai tafi. Ka gama tsohon bashin ba tare da ka makara ko kwana ɗaya ba, albashinka ya riƙa sauka a banki guda, asusun kada ya riƙa faɗawa ƙasa da sifili kafin ƙarshen wata, kuma kada ka rubuta cakin da babu kuɗinsa, domin wannan yana iya jawo haramcin amfani da caki har shekara biyar idan ba a daidaita ba. Ka buɗe asusun ajiyar gina gida ka riƙa zuba wani abu tsayayye, ko jika 15 ne, saboda jerin watannin da ba su yanke ba ya fi yawan kuɗin magana a wurin mai nazarin dosiye. Sa'annan ka nemi bashin miliyan 6 zuwa 7 domin katanga da ɗaki biyu da falo da makewayi, ka bar sauran ginin zuwa lokacin da hayar jika 60 ta daina fita daga aljihunka. Ka tambayi ko za a jinkirta maka fara biya har ginin ya kai a shiga, domin watannin da za ka haɗa haya da biyan banki, jika 140 daga cikin 240, su ne mafi haɗari a duk tafiyar. Kada ka tsaya a banki guda: akwai Banque de l'Habitat du Niger da aka buɗe a 2018 musamman domin harkar gidaje, akwai kuma bankunan kasuwanci da suke samun kuɗi mai dogon wa'adi daga asusun bashin gidaje na yankin, CRRH-UEMOA, da ke Lome. Ka bincika kuma ko ƙungiyarku ta malamai tana da wata yarjejeniya da wani banki ko da SONUCI, kamfanin gina gidaje na ƙasa, domin sharuɗɗan da ake ba jama'a a dunƙule sukan fi na mutum ɗaya sauƙi. Duk inda ka je, ka nemi a rubuta maka TEG, wato jimillar tsadar bashin da ta haɗa ruwa da sauran caje-caje, da jadawalin biya na wata-wata, ka tafi da su gida ka kwana a kansu kafin ka sa hannu.

TAMBAYA: Ni ƴar kasuwa ce a Tawa, ina sayar da albasa da kayan miya a sari, maigidana kuma yana ci-rani a Abijan yana turo kuɗi. Ba mu da takardar albashi, kuma na taɓa tsaya wa ƙanena a wani bashi da bai biya ba, har aka zo kaina. Muna so mu gina gida, amma zuciyata ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba. Akwai wata hanya?

AMSA: Hajiya, bashin ƙanenki ya zama naki tun ranar da kika sa hannu. A dokar OHADA, wanda ya tsaya wa wani ana ɗaukarsa a matsayin mai ɗauke da bashin tare da shi sai idan takarda ta faɗi akasin haka, shi ya sa mai bin bashi yake iya zuwa kanki idan ƙanen ya gaza. Dokar ta kuma ce dole ne mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauki nauyi, da haruffa da lambobi, idan kuwa bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu da za su tabbatar an fahimtar da shi abin da ya shiga. Ki nemi kwafin takardar ki kai wa lauya ko notaire ya duba ko an cika wannan sharaɗi da kuma nawa ne iyakar abin da ke wuyanki. Idan komai daidai ne, a zauna da dangi a biya ko a daidaita, domin muddin wannan bashin yana buɗe babu cibiyar da za ta saurare ki da kunne biyu.

Rashin takardar albashi kuwa gyaransa yana hannunki, sai dai yana cin lokaci. Banki ba ya ganin buhunan albasar da kike lodawa, abin da ya ratsa ta asusu shi kaɗai yake gani. Ki riƙa zuba cinikinki a asusu kina cirewa daga can, kuɗin da maigida yake turowa su ma su sauka a ciki ko a adana rasiɗansu, ki yi rajistar kasuwancin ki riƙe shaidar biyan haraji. Bayan shekara ɗaya ko biyu za ki sami takardun da za su tsaya a madadin albashi. Ki kuma lura cewa cinikin albasa yana da lokacinsa, don haka duk yarjejeniyar da za ki shiga a auna ta da watannin da kasuwa take sanyi.

Maganar riba ba ƙarama ba ce, kuma hukuncinta na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Abin da zan iya faɗa miki shi ne akwai Banque Islamique du Niger, kuma tun 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin da suka tsara harkar kuɗi ta Musulunci a yankin. A tsarin murabaha banki ne yake sayen siminti da ƙarfe da kwano, ko gidan kansa, ya sayar miki da riba sananniya da aka yanke tun farko, ki biya kashi-kashi. Kada dai ki ɗauka cewa wannan yana nufin rahusa ko sassauci: su ma suna duba tarihin bashi, suna neman jingina da kason mai saye, kuma jimillar abin da za ki biya tana iya kusantar ta sauran bankuna. Ga mai irin sana'arki, ni na fi karkata ga hanyar da yawancin gidajen Tawa suka tashi da ita, wato a sayi fili mai tsabtar takarda, a kewaye shi, kowane kwasar adashe ko aiken maigida ya zama bulo da siminti, tun da ga masana'antar siminti ta Malbaza kusa da ku. Idan gini ya kai linta, ƙaramin murabaha na rufi da ƙofofi na shekara biyu ko uku ya fi sauƙin samu, ya kuma fi sauƙin sauke wa.

TAMBAYA: Daga wani ma'aikacin kamfani a unguwar Yantala, Yamai. Idan na jinginar da gida na kasa biya, banki yana iya zuwa ya fitar da ni kai tsaye?

AMSA: A'a, Malam, sai ya bi matakan shari'a. A hanyar da aka fi bi, ana fara aiko maka da takardar umarnin biya ta hannun huissier, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, wadda take ba ka kwana 20, idan ba ka biya ba a yi mata rajista a ofishin filaye, daga nan ba ka da ikon sayar da gidan, sai a nufi gwanjo a gaban kotu ko notaire. Idan kuɗin gwanjon bai rufe bashin ba, ragowar tana nan a wuyanka, idan kuma ya yi rara bayan an cire kuɗin shari'a, rarar taka ce. Ka karanta yarjejeniyar jinginar da kyau tun farko, ka sa notaire ya fassara maka kowane sashe da ya shafi gazawar biya. Idan ka hango wata mai wuya yana tafe, ka rubuta wa bankin tun kafin ranar biya ta wuce ka nemi a sake tsara jadawalin, domin a wannan matakin ma'aikacin da ke riƙe da dosiyenka yana da ikon sassautawa, wanda yake kuɓuce masa da zarar an miƙa dosiyen ga sashen shari'a.